Am, is, are a aji uku: kar a fara da ma'ana

Akwai wata waƙa da kusan kowace firamare a ƙasar nan take rerawa, daga Argungu har Yawuri, kai har Legas ma, malami ya ɗaga murya ya ce "What is a verb?" yara su amsa baki ɗaya har rufin kwano ya ɗauka, "A verb is a doing word!" Mu ma haka aka koya mana kuma ba ƙarya ba ce, gudu aiki ne, ci aiki ne, tsalle aiki ne, yaro zai iya tashi ya gwada maka kowanne da jikinsa. Rigimar tana zuwa ne ranar da manhaja ta kawo ka kan am da is da are, ka rubuta "Musa is tall" a allo ka ce wa yara wannan is ɗin ma aikatau ne. To wane aiki Musa ya yi? Bai yi komai ba, tsayi ne Allah ya ba shi. Waƙar ma kanta akwai is a tsakiyarta zaune ba abin da yake aikatawa. Yaro ɗan shekara takwas fa ba wawa ba ne, ya ga maganar jiya da ta yau ba su haɗu ba, sai dai ba zai faɗa ba tunda ga bulala nan kan tebur, zai haddace kawai ya ajiye har ranar jarabawa.

Ni Turanci nake koyarwa a aji uku a wata firamaren gwamnati a nan Argungu, kuma duk sanda ɗaliban kwalejin ilimi ta Adamu Augie suka zo mana gwajin koyarwa sai an samu mai tare ni a baranda, Malama don Allah ta ina ake shiga darasin nan na linking verb, aikatau mai haɗi, yaran sun ƙi kamawa. Amsata ba ta canzawa, kar ka shiga ta ma'ana, kar ma ka faɗi sunan abin a makon farko. Ka shiga ta abin da yaron ya taho da shi a bakinsa daga gida, domin tun yana shekara uku yake haɗa suna da sifa ba wanda ya koya masa, abin da bai sani ba kawai shi ne yadda Bature ke yin nasa.

Ku duba dai. A Hausa in za ka ce wani abu kaza ne, ai dirka kake sawa, ne ko ce, Musa manomi ne, Binta yarinya ce. Mu nan ƙasar Kabi ma ba haka muke faɗa ba a gida, Musa manomi na, Binta yarinya ta, wanga littahi nau na, haka Sakkwato haka Zamfara, sai an zo littafin makaranta yaro yake haɗuwa da ne da ce, wato tun kafin a zo Turanci ya riga ya yi sauyi ɗaya ke nan bai ma sani ba. Ko dai wanne aka ɗauka, abu biyu ne tabbas, a ƙarshe take zuwa, kuma jinsi take kallo, namiji ko mace. Shi kuwa is a tsakiya yake zama kuma ba ruwansa da jinsi sam, Musa is, Binta is, duk ɗaya. Abin da ya dame shi adadi, ɗaya ne ko da yawa. Mu kuma nan ne ba mu damu ba, yaro ne, yara ne, ne ɗin bai motsa ba. To kun ga inda Hausa ta raba Turanci ya haɗa, inda Hausa ta haɗa Turanci ya raba, kuma wallahi rabin wahalar darasin nan ke nan, in malami bai ga wannan ba zai yi ta jan jar biro a littafin yara har zango ya ƙare yana cewa ba su da ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa in na ɗauki littafin yaro na ga ya rubuta "Musa farmer is" ba na ja masa kuros. Wannan yaron tunani ya yi, ya gano is shi ne ne, ya kai shi inda ne ke zama. Kibiya kawai nake ja daga ƙarshen jimlar zuwa tsakiya, in ce masa ka samo shi, kujera ce ka ba shi ba tasa ba. Wanda ya rubuta "Musa farmer" ya tsaya, shi ne yake buƙatar a zauna da shi, shi bai ma ji akwai abin da ya ɓace ba.

Kuma ba dirka kaɗai ba ce. In ka zauna ka lissafa za ka ga hanyoyi da dama na Hausa duk cikin is ɗin nan ɗaya suke zubawa. Musa yana gida, ko shina gida yadda yaranmu ke cewa, is ne. Shayin yana da zafi, is ne. Ruwan ya yi sanyi, is ne. Ina jin yunwa, am ne. Shekarata takwas, am ne. A kunnen yaro waɗannan abubuwa ne mabambanta, ɗaya wuri, ɗaya mallaka, ɗaya kamar wani abu ne ya faru, ɗaya ji ne a jiki, sai ga shi an ce masa duk kalma ɗaya ce. Daga nan ake samun "The tea has hot" da "I have eight years", kuma kar mu yi wa yara dariya don manya nawa ne masu digiri har yau suke cewa "I am having headache" da makamantansu, duk Hausar ce ke leƙowa ta ƙarƙashi. Ni ba na zuba musu duka rana ɗaya. Dirka tukuna, mako guda ko fiye, sai sifa irin su zafi da sanyi da tsawo, sai wuri daga baya. Akwai da babu kuwa, wato there is ɗin nan, ajiye shi nake sai wani zangon, shi nasa daban ne.

Abin da nake fara yi a zahiri ba shi da tsada. Kwalin taliya nake roƙa wajen mai shago in yayyanka, in rubuta da maka ko ma da gawayi, wasu kwalayen sunaye, wasu sifofi, sai uku na musamman, am, is, are, su nake zagayewa da wata kala. In kira yara biyu gaba, ɗaya ya riƙe "The fish" ɗaya ya riƙe "big", su tsaya nesa da juna, in tambayi aji da Hausa, waɗannan sun san juna? Su ce a'a. To wa zai haɗa su? Sai in ce musu ku tuna dillalin kara ranar kasuwa, akuyar ba tasa ba ce, kuɗin ba nasa ba ne, bai saya ba bai sayar ba, amma in bai tsaya a tsakiya ba ciniki ba ya faɗawa. To is dillali ne. Sai mai riƙe da is ya fito yana taƙama ya shiga tsakiya ya kamo hannun wannan ya kamo na wancan, aji duka su karanta. Kusan kowane yaro a ajin ya taɓa bin babansa ko yayansa kara, ba sai na yi dogon bayani ba, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayata "Malama to mi shi ka yi?" don sun san dillali ma yana da aikinsa ko da bai ɗauki kaya ba. Maza da maza nake fitarwa, mata da mata, kun san garinmu, kar a je gida a ce Malama ta sa an riƙe hannu.

In aji ya cika ya batse irin namu, wasu kan benci wasu a ƙasa, ba kowa zai samu fitowa ba, sai in bi layi layi, yau layin taga gobe layin ƙofa, na zaune kuma aikinsu su yi ihun sunan dillalin da ya kamata ya fito. In na sa "The fish" su ce is, in na canza na ɗaga "The men" a ga wa zai riga cewa are. Hayaniya kam akwai ta, malamin ajin da ke maƙwabtaka da ni ya sha leƙowa ya ce Malama lafiya dai ko, amma hayaniyar da yaro ke zaɓar amsa a cikinta ta fi min shirun kwafar allo sau dubu.

Misalai kuma don Allah mu daina ɗauko na ƙasar da ba mu taɓa gani ba. Littafi ya ce ƙanƙara fara ce tuffa ja ce, yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara na zuba ba sai ya haddace abu biyu, Turancin da kuma abin da ake magana a kai. Alhali ga kogin Matan Fada nan kusa, ga bikin kamun kifi da ake yi tun 1934, kakanninsu sun shiga ruwan nan da homa da gora, wasu ma iyayensu masunta ne. In zana ƙaton giwan ruwa a allo duk da zanena sai a hankali, in ce a ba ni labarinsa da dillali a tsakiya, nan take za ka ji "The fish is big", "The water is cold", "The men are wet". Lokacin girbin shinkafa mu koma fadama, lokacin hunturu mu koma kan leɓen da ya tsage da ƙafar da ta yi kaushi. Kalmar da ba su sani ba su tambaya da Hausa in ba su, ba laifi ba ne.

Am kuwa da jikinsu nake fara shi, kowa ya dafa ƙirji ya ce I am ya faɗi sunansa, sai shekarunsa, sai abin da yake ji yanzu yanzu. In darasin ya faɗo gab da fita tara ai "I am hungry" ba ya buƙatar maimaici, daga zuciya yake fitowa. Am bai cika ba da wahala ba tunda abokin tafiyarsa ɗaya ne tal, I, ba ya bin kowa.

Wanda ke kawo gardama shi ne you are. Ka gama koya musu are na mutane da yawa ne, sai ka nuna yarinya ɗaya ka ce "You are tall". Wata 'yar ƙaramar yarinya mai kaifin baki ta taɓa ce min, Malama ai ni ɗai ta, don mi anka ce min are? Tambaya ce mai kyau ƙwarai kuma amsarta tana cikin gidajenmu. Na ce mata in kin je gaida kakanki, kai kike ce masa ko ku? Ta ce ku. Na ce shi nawa ne? Ta ce shi ɗai na. To Turawa ma da suna da kalmar kai da ke tasu daban, thou, sai suka yi ta amfani da ta girmamawa, wato ku, har waccan ta faɗi daga bakin mutane, yanzu kowa ku ake ce masa, sarki da jariri, shi ya sa are ya biyo. Wannan tarihi ne na gaskiya ba dabarar malama ba ce, kuma yara suna son shi, ranar har fita tara suna ta ce wa junansu ku suna dariya.

Korewa da tambaya duk da kwalayen nan ake gama su. Hausa "ba" guda biyu take sawa, ba manomi ba ne, Turanci not ɗaya ne kuma bayan dillali yake laɓewa, sai yaro na huɗu ya fito da kwalinsa ya kutsa. Tambaya kuwa mu murya kawai muke ɗagawa, Musa manomi ne? ko mu sa shin, kalmomin ba sa motsi. A Turanci sai dillali ya saki hannu ya taka ya koma gaban layi, "Is Musa a farmer?" Yaron da ya ga abokinsa ya yi wannan tattakin da ƙafarsa ba ya mantawa, na gwada na gani.

Sai dai akwai wani ciwo da ke biyo bayan nasara, ku shirya masa. Da zarar yara sun ji daɗin is sai su fara cusa shi ko'ina, "He is go to market", "She is eat", har da "I am come". Ba komawa baya suka yi ba, sabon abu ne suka samu suna gwadawa a kan komai. Abin da nake yi shi ne in dawo da tsohuwar waƙar tamu ta yi amfaninta, in tambaya, a jimlar nan akwai abin da za ku iya tashi ku gwada min? Go, ana iya gwadawa, to ba a neman dillali. Tall fa, tashi ka yi min tall in gani. Sai a yi dariya. Kuma a nan ne nake roƙon 'yan uwa malamai, kar ku haɗa wannan darasin da na "She is cooking" a mako ɗaya ko da littafi ya jera su shafi da shafi. Wancan is ɗin taimako yake wa wani aikatau, shi ne tana ɗin da ke cikin tana dafawa, aikinsa daban ne duk da rigarsu ɗaya. In aka zuba su tare yaro zai ɗauka duk inda aka ga aiki sai an sa is, shi ke nan "He is go" ya zauna daram har sakandare. A bar tazara, a bari na farko ya yi jijiya tukuna.

Na san wani zai ce to Malama duk wannan Hausar a darasin Turanci, ina dokar take. Tsarin ilimi na ƙasa tun na 1977 ya tanadi a koyar da ƙananan azuzuwa da harshen gida ko na yankin, daga baya a koma Turanci. A 2022 lokacin minista Adamu Adamu aka ce a kai shi har shekara shida ta firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma minista Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Su dai can Abuja suna ta yi. Ni abin da na sani, yaron da ya shigo ajina da safe daga gidan da ba a jin ko kalma ɗaya ta Turanci, in na yi masa bayanin is da Turanci zalla to na yi wa bango ne. Bayani da Hausa, minti kaɗan, atisaye da Turanci, duk sauran lokacin, haka nake raba shi. Har yaran Zabarmawa da Fulani da 'yan Zuru da iyayensu ke aiki a nan, Hausar ce dai suke wasa da ita a layi, ita ce ta haɗa mu duka. Makarantun da har yanzu monita ke rubuta sunan masu banakula a karɓi kuɗi kuwa, ban ga abin da suka samu ba sai yara masu shiru.

Wata rana a ofishin malamai ina wannan surutun sai malamin Arabiyyarmu, dattijo ne, ya ce min Malama ai wannan duk mun sha shi a zaure. A Larabci in ka ce al-baitu kabirun, gidan babba ne, babu aikatau ko ɗaya, mubtada'i da habari kawai, amma da ka koma abin da ya wuce sai kana ta fito, kanal baitu kabiran. Kana da 'yan uwanta, cikinsu har da sara mai ma'anar zama. Na ce Allah gafarta Malam ai ka gama min darasin was da become. 'Yan aji uku ba su kai nan ba a Islamiyya, amma malamai da yawa sun kai, kuma na lura malamin da ya tuna wannan yana saurin gane cewa ba dole ne kowane harshe ya sa kalma a wurin ba, don haka yaron da ya bar is ba sakaci ya yi ba.

Was da were a zango na uku nake shigar da su, kuma tarihin garinmu ya ishe mu. Dirkarmu ba ta san jiya ba, da can shi sarki ne, yanzu shi sarki ne, ne ɗin yana nan, kalmar "da" ɗin ce ke ɗauke da lokacin. Turanci kuwa dillalin ne da kansa ke canza kaya. Sai in raba allo biyu, da da yanzu. "Kanta was a king." "Surame was a big city." Yawancinsu sun san gidan tarihin Kanta ko da daga waje ne, sun ji sunan a bakin manya. Sai wanda ya fi ba su mamaki, "Argungu was in Sokoto State", a ɗaya gefen "Argungu is in Kebbi State", in gaya musu sai a 1991 aka yanke jihar Kebbi, iyayen wasunku ma an haife su kafin nan. Daga nan su kawo nasu, kogi ya cika da damina yanzu ya ja baya, ƙanena da jariri ne yanzu yana gudu.

Su look da taste da smell da feel da sound, in aji mai ƙoƙari ne ina ɗan taɓa su a ƙarshen shekara, in ba haka ba in bar wa malamin aji huɗu. Nan ma Hausa ce ke da bayanin matsalar, mu ji ɗaya gare mu, ka ji ƙara, ka ji wari, ka ji daɗin miya, ka ji sanyi, shi ya sa "I hear the smell" ba ya ƙarewa a makarantunmu. Ranar darasin nan jakata kamar ta mai koli, tsamiya, gishiri, sukari, daddawa, ɗan busasshen kifi, sai a rufe wa yaro ido da ɗankwali a sa masa a harshe ko a hanci, aji su tambaye shi, ya ce "It tastes sour" yana yamutsa fuska. Gwajin da nake ba su na gane ko kalmar haɗi take yi ko aiki, mai sauƙi ne, cire ta ka sa is ka ji. "The soup tastes good", a mayar "The soup is good", magana ta zauna, to haɗi ne. "Binta tastes the soup", a mayar "Binta is the soup", Binta ta zama miya, aji ya kece da dariya, to wannan aiki ne, da cokali ta ɗanɗana. Seem da appear da remain kam ban ga dalilin wahalar da ɗan aji uku da su ba ko da suna cikin jerin da ke littafin, yaron da bai gama da is ba ina shi ina seem.

Sunan abin, linking verb, sai a ƙarshe nake faɗa musu, in rubuta a allo su kwafa, saboda masu duba makarantu in sun zo suna son su ji, kuma wata rana za su gamu da shi a takardar jarabawa. A lokacin ba ya ba su tsoro tunda sun riga sun san mutumin, suna kawai aka raɗa masa. Aikin gida kuma ba na ba da na cike gurbi, cewa nake kowa ya je ya faɗa wa mamarsa jimla biyar kan abin da ke tsakar gida, akuya, randa, ƙanensa, tukunya, ba sai ita ta iya Turanci ba, ta dai ƙirga da yatsa, gobe ya zo ya maimaita mana biyu.

Saura jarabawa, don nan ne ake yaudarar kai. Tambayar da kowa ke yi ita ce a ba da jimla da gurbi a ce zaɓi is ko are, yara kuwa suna da wayo, ba a jimawa suke gano cewa in kalmar farko ta ƙare da s to are ne, sai su cinye goma bisa goma ba tare da sun karanta jimlar ba, malami ya yi ta murna. Ka ba su children ko men ko people ka ga yadda za a zube. Ka ba su "Musa and Audu", babu s a ƙarshen ko ɗaya amma mutum biyu ne. Akwai kuma inda Hausa ke jan su, mu muna cewa kuɗin sun ƙare, sai yaro ya rubuta "The money are", wando kuma ɗaya ne a wurinmu almakashi ma ɗaya ne, Bature ya ce trousers are, scissors are, waɗannan kam haddacewa za a yi, ba wata hikima. Ni dai duk jarabawar da zan rubuta sai na sa Idris a ciki, ko Yunus, ko Abbas, ko Anas, Allah ya hore mana sunaye masu s a ƙarshe. Wanda ya rubuta "Idris are tall" harafi yake kallo, sai in dawo da shi gaban aji in kira Idris ɗin ajinmu ya tsaya kusa da shi, in ce ƙirga min shi.